Jar Fata a Gindin Sandar Bitas

Ku da kuke zaune a bencin garejina kuna cewa gyaran sandar bitas aikin rabin awa ne, kusoshi uku, ka ɗaga murfi ka mayar, ina jin ku sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma bakina ya fi naku kaifi. Bitas dai shi ne abin da mutanen Nijeriya ke kira giya, mu nan da Faransanci aka koya mana ƙarfe. Kusoshi ukun gaskiya ne, ban musa muku ba. Ku bari in ba ku labarin abin da na tarar a ƙarƙashin wani murfi.

Shekara bakwai na yi a Djougou ina koyo a hannun Maigida Tanko, wani gajeren mutum mai kaurin wuya, bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma yana gane ciwon mota daga ƙararta tun tana kan kwana. Shekarar farko ban taɓa mota ba, sai wankin kusoshi da kananzir a tsohon kwano. Ta biyu aka miƙo min magagari aka ce in goge ƙarfe har ya kwanta. Motocin da muka sani duk na Faransa ne, manya masu ɗaukar auduga da doya, da ƙanana waɗanda sandar bitas ɗinsu ke jikin sitiyari, ko ta fito daga gaban direba kamar mariƙin lema. Waɗannan ko idona a rufe ina kwance su in mayar. Ranar da aka yaye ni, abin da muke kira liberasiyo, Maigida ya ba ni kile, wato sufana, goma sha biyu a jakar buhu, da guduma, da filaya, da magagarin nan da ya cinye min tafin hannu, ya yi min addu'a. Na tattara na sauko Parakou na kafa rumfar kwano a bakin Zongo, ina ganin duk ƙarfen da ke Dahomey babu wanda zai ba ni kunya.

Motar Alhaji Bawa ta shigo rumfata wata safiyar Talata, na yi kamar shekara guda ina cin gashin kaina. Alhaji Bawa babban dillalin shanu ne. Gidansu na Djougou, jikokin fataken goro ne, amma shi a Parakou yake zaune saboda kasuwannin Borgou. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawa na ta sayar da kayansu suna komawa gida, shi kuma ya sayi motar wani Bature mai harkar auduga da ya daɗe a Djougou. Ja ce, ƙirar Ingila, kujera biyu kacal, ba rufi sai tanti da ake naɗewa, ga ta ƙasa-ƙasa har ka ce direba a kan hanya yake zaune. Ko buhu ɗaya ba ta ɗauka. Mahauta suna tsokanarsa wai takalmi mai taya ya saya, shi kuwa ko a jikinsa, kullum da safe sai an goge masa ita.

"Makanike, sandar nan ta zama muciya," in ji Alhaji. "Yawo take yi a hannuna, ga tsawo, kullum sai ta kama min hannun riga. Ka gyara ta, ka rage ta, ka sa ta yi laushi."

Na ce, "Alhaji, kafin la'asar ka aiko a ɗauka."

Ban taɓa buɗe irin wannan sandar ba, wadda ke tsaye a ƙasa tsakanin kujeru. Ban faɗa masa ba.

Na kwance kusoshin uku na ɗaga murfi. Sandar tana da dunƙule a gindinta kamar ƙwan zabo, yana zaune a cikin wani ɗan ƙoƙo, ƙoƙon ya cinye ya farfashe, shi ya sa take yawo. Wannan bai ba ni tsoro ba. Sabon ƙoƙo sai an aika Cotonou, can ɗin ma da wuya a samu na motar Ingila. Na je wurin mahauta na zaɓi ƙahon bijimi mai kauri, na yanka, na jiƙa shi a tafasasshen ruwa, na yi ta bin sa da magagari har dunƙulen ya zauna a ciki daram. Har yau ina alfahari da wannan ƙoƙon, ku da kuke jiran a kawo muku komai a kwali ba za ku iya shi ba. Sandar kuma na rage mata kamar faɗin yatsu huɗu, na sake yi mata zare a kai, na mayar da mariƙinta.

Ina share tsohon giris da tsumma sai yatsana ya taɓa wani abu mai laushi a cikin wani lungu, ta gefen hagu na mazaunin sandar. Na sa filaya na zaro shi. Baƙi ƙirin da giris, girman babban yatsa. Na tsoma shi a kananzir na goge, sai ga jar fata, an naɗe ta kusurwa huɗu, an ɗinke bakinta da zare ƙanana-ƙanana a jere.

Filaya ta suɓuce daga hannuna. Wallahi sai da na ja da baya har na bugi ƙofar motar da kaina. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san kamannin laya. Amma laya a wuya take, ko a damtse, ko a rataye a madubin mota inda kowa zai gan ta. Wadda aka cusa a ɓoye cikin hanjin mota, daidai inda hannun mai ita ke sauka kullum, ba ta tsari ba ce. Ban tsaya tunanin komai ba, na fito bakin hanya ina salati da ƙarfi.

Kafin a ce haka rumfata ta cika. Aka je kara, kasuwar shanu, aka kira Alhaji, aka kira Malam Hamidu mai makarantar allo ta bayan masallaci. Abin yana kwance a kan murfin gwangwani, kowa na leƙe daga nesa. Wani mahauci ya zaro wuƙa ya ce a farke a ga abin da ke ciki. Malam Hamidu ya daka masa tsawa.

"Mayar da wuƙarka! Ba a buɗe laya. Abin da aka ɗaure a ciki kan wanda ya buɗe yake komawa."

Kowa ya san haka, ni ma na sani, babu wanda ya sake maganar farkewa. Alhaji ya juyo gare ni, zufa na zuba daga ƙarƙashin hularsa.

"Makanike, ka tabbata wannan ba kayan mota ba ne?"

Ku saurari amsar da na ba shi, don ita ce ta yi ɓarnar. Na ce, "Alhaji, shekara bakwai na yi ina buɗe mota. Bature ba ya ɗinka fata ya sa a bitas. Wannan hannun mutum ne ya cusa shi."

Alhaji ya sunkuya ya ƙura wa abin ido. Ya ce, "Innalillahi. Ɗinkin Yaya Garba ne."

Baba Garba ɗan wan mahaifin Alhaji ne, baduku a Djougou, rabin layun garin shi ya rufe su da fata. Yana da yadda yake ninka ɗinkin ƙarshe ya ɓoye ƙullin a ciki, wanda duk danginsa sun sani. Kafin Sallah motar ta kwana uku a ƙofar gidansa yana sake wa kujerunta fata. Kuma kowa ya san akwai ɗan saɓani tsakaninsu a kan wanda zai riƙe babban gidan kakansu. Nan take magana ta haɗu a bakin mutane, ba wanda ya nemi ƙari.

Ran Juma'a Alhaji ya sa ni a babbar mota muka tafi Djougou, ni ne shaida, abin yana cikin gwangwani a naɗe da tsumma. Aka tara dattawan gidan a zaure bayan an sauko daga masallaci. Baba Garba ya shigo, dogo siriri, mai sanyin magana, hannunsa duk jan rini. Aka buɗe masa gwangwanin ya leƙa.

Ya ce, "Ɗinkina ne."

Alhaji ya ce, "Wa ya kawo maka, Yaya?"

"Bawa, laya nawa na ɗinka a garin nan? Ana kawo min abu a naɗe, in rufe shi da fata, ba na tambayar mi ke ciki. Wannan ban tuna shi ba. Ko da na tuna, baduku ba ya faɗin mai laya."

Zauren ya kaure. Wani ya ce ai ya amsa da bakinsa, wani ya ce yana rufa wa kansa asiri ne. Alhaji ya nuna ni ya ce ga makaniken da ya zaro ta, ya faɗi inda ya same ta. Na faɗa. Baba Garba ya dube ni, bai ɗaga murya ba.

"Samari, ka tabbata abin da ka faɗa?"

Na ce, "Na tabbata, Baba."

Aka binne gwangwanin a gindin wata kuka a bayan gari. Garejin Maigida Tanko bai fi tafiyar minti goma daga zauren nan ba, amma ban leƙa ba. Ina ji da kaina, mutane na nuna ni a hanya, kuma motar komawa Parakou na jira.

Daga ranar ba wanda ya sake kai wa Baba Garba ko takalmi ya ɗinke. A masallaci sai a bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi. Sunan da ya yi shekara da shekaru yana riƙe da shi, cikin mako guda ya zube. Kafin damina ta sauka ya kwashe iyalinsa ya koma Kolokondé wurin dangin matarsa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya shiga noman doya. Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Direbobi suna kawo min motoci lafiyayyu, wai in duba musu ko an cusa wani abu. Sandar Alhaji ta zama gajeriya, tana shiga kamar cokali a man shanu, duk inda ya zauna sai ya yabe ni.

Wata biyu aka yi a haka. Ran kasuwar shanu a Tourou Alhaji ya gama cinikinsa, ya shiga mota, ya tura sanda zai sa bitas na ɗaya, ya saki ƙafa. Motar ta zabura da baya. Wata Bafillatana mai nono ta tashi daga gindin wata bishiya ke nan don ta ba wani canji, motar ta murƙushe ƙwaryarta da tabarmar da take zaune a kai, ta matse wata saniya a jikin bishiyar ta karya mata ƙafafu biyu, a nan aka yanka ta. Aka zo aka same ni a rumfa, aka kai ni wurin. Na ga fasasshiyar ƙwaryar nan a ƙarƙashin taya da idona.

Mutane suka ce sammun bai karye ba, Garba ya sake sabo daga ƙauye. Ni kuma na shiga motar na kama sandar. Na tura ta hagu a hankali, sai na ji ta wuce na ɗaya ta faɗa bitas ɗin baya ba tare da wani abu ya tare ta ba. A wannan motar na baya yana maƙwabtaka da na ɗaya. Da ƙoƙon ƙahona yana sabo ya riƙe sandar da ɗan tauri, da ya goge ya saki, ba sauran abin da zai hana ta ƙetarewa. Kowace mota tana da mai gadin na baya, wata sai ka ɗaga sanda, wata sai ka danna, wata sai ka tura da ƙarfi. Wannan ba ta da shi. Na duba ko'ina, babu, sai wancan lungun na gefen hagu, fanko. Amma ko a lokacin zuciyata ta ƙi yarda da abin da idona ke nuna min.

Na kwance mazaunin sandar gaba ɗaya, na naɗe a buhu, na hau mota zuwa Djougou. Na tarar da Maigida Tanko a ƙarƙashin wata motar auduga. Ya fito, muka gaisa, na miƙa masa. Ya juya shi sau ɗaya a hannu, ya yi murmushi kamar ya ga tsohon aboki, ya zura yatsa cikin lungun.

"Ina fatar?"

Na ce, "Wace fata, Patoro?" Haka muke kiran maigida da Faransanci.

"Jar fatar da na sa a nan. Motar Baturen auduga ce wannan, tun kafin ka zo wurina ya kawo min ita. Ƙarfen da ke gadin bitas ɗin baya ya karye. Na yanko guntun rasor mai murɗe na ɗora masa ƙwallon ƙarfe a kai, amma yana ta ƙara yana faɗuwa, sai na naɗe shi a tsumma na kai wa Garba ya rufe min da fata don ya zauna. Ina ka kai ta?"

Maigida ya dube ni, ya sake duban ƙarfen, sai na ga murmushin ya bar fuskarsa.

"Isiyaku, layar da aka ce an samu a motar Bawa. Ce min aka yi a ƙarƙashin kujera take, cikin fatar da Garba ya ɗinka."

Na ce, "A nan take, Patoro. Ni na zaro ta."

Ya zauna a ƙasa daɓas, cikin baƙin mai, mutumin da ko a kan tsumma ba ya yarda ya zauna da rigar aiki. Ya yi ta maimaita salati. Bai zage ni ba, bai ɗaga min hannu ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka zo garin nan da ita a gwangwani, ka wuce ƙofata."

Aka aika wa Alhaji ya zo washegari. Muka je gindin kukar da dattawan gidansu, na haƙa da hannuna na fito da gwangwanin. Wani tsoho ya fara cewa ba a buɗewa, Maigida ya ce, "Ni na ɗaure ta, in ma akwai abin da zai koma, kaina zai koma." Ya sa wuƙa ya farke fatar a kan faranti. Guntun rasor ya faɗo, wato ƙarfen nan mai murɗe da ke lotsawa ya dawo, sai ɗan ƙwallon ƙarfe ya gangara yana ƙara a farantin har ya tsaya. Ba takarda, ba rubutu, ba gashi, ba komai. Alhaji ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, ƙaton mutum, yana kuka.

Wannan ce mummunar shekarata. Labari ya riga ni isa Parakou, direbobin da ke layi a rumfata suka watse, yaran mahauta suna kirana Malam Rasor, har aka yi kaka ban taɓa komai ba sai facin keke. Wannan duk na cancanta, kuma ba shi ne ya hana ni sukuni ba.

Mu uku muka tafi Kolokondé, ni da Alhaji da Maigida. Mota ta ajiye mu a bakin hanya muka ƙarasa a ƙafa, hantsi ya ɗaga. Muka same shi a gona tsakanin tulin doya, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, jan rinin hannunsa ya tafi, sai kanta. Alhaji ya durƙusa a cikin ƙasar da babbar rigarsa.

"Yaya, na zalunce ka. Ka yafe min don Allah."

Maigida ya kwance tsumma ya nuna masa fatar da rasor da ƙwallon, ya ba shi labari tun daga Baturen. Baba Garba ya ɗauki fatar ya juya ta, ya bi ɗinkin da farce. Ni ma na durƙusa na ce, "Baba, bakina ne ya jawo. Ka tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, alhali ban taɓa buɗe irin motar ba."

Baba Garba ya ce, "Ku tashi. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Alhaji ya ce ran Juma'a zai tashi a masallaci ya wanke shi a gaban kowa, ya dawo gida, rumfarsa na nan. Maigida kuma, don ya gyara zance, ya ce motar har yanzu tana bukatar mai gadinta, Garba ya ɗinka mana wata, gari duka ya gani da idonsa.

Baba Garba ya girgiza kai. "Tanko, ranar da na bar Djougou na dafa Alƙur'ani na rantse ba zan sake riƙe basilla ba."

Na yi karaf na ce, "Baba, rantsuwa tana da kaffara. Ni zan ciyar da miskinan, ko nawa ne."

Ya juyo ya dube ni, irin kallon da ya yi min a zaure.

"Na san da kaffara, samari. Amma bari in faɗa maka abin da ya sa na rantse. Ɗiyata ta cikina, Hajo, na ɗinka wa ɗanta laya ranar suna, da fatar da ta fi kowace kyau a rumfata. Muna ɗaure kaya za mu taho, na leƙa ɗaki na gan ta ta sa reza ta yanke ta daga wuyan yaron, ta ɗauke ta da tsinke don kada ta taɓa hannunta. Ba ta san na gani ba. Wannan mi ne kaffararsa?"

Ya miƙa wa Maigida fatar, ya ce mu gaida mutanen gida. Alhaji ya tashi a masallaci kamar yadda ya yi alkawari, har Juma'a biyu, amma Baba Garba bai dawo Djougou ba, a Kolokondé aka binne shi bayan shekara shida. Ranar da muka je ɗin dai, muna tsaye mu uku a bakin gonar, ya ɗauki fartanyarsa ya koma kan tulin da ya bari bai gama ba.